Gaisuwar Surukata a Cikin Babur ɗin Kawu

Ko na manta da komai, ba zan manta da ranar da na warware babur ɗin Kawu Sani a bakin kasuwar Talata Mafara ba. Lokacin ana aikin dam na Bakolori, ni kuma na samu shiga garejin kamfani ina wanke sifanu. Amma in ka ji ni a majalisa sai ka rantse ni na ƙera katafila.

Babur ɗin Kawu tsohon ɗan Ingila ne, baƙi, mai nauyin bijimin sa, kukansa kuwa duk Maradun an san shi. Kullum da safe sai ya goge shi kamar amaryar da za a kai ɗaki. Bai taɓa ara wa kowa ba sai ni, ranar da zan je gaida surukaina a Birnin Tudu ta ƙasar Bakura. Da ya miƙo makulli cewa ya yi, “Yadda ka ɗauke shi, haka za ka maido shi.”

Na je na gaisa. Surukata, saboda kunya, daga bayan zana ta amsa, ko fuskarta ban gani ba. A hanyar dawowa na soma jin wata ƙara, kacau-kacau, daga ƙasan sirdi. In na shiga gargada ta ƙaru, in na tsaya ta yi shiru. Na ce shi ke nan, na kashe wa Kawu babur.

Ina isa Mafara na faka gindin wata bedi, wato dogon yaro, na ari sifanu wurin mai faci. Na cire filogi, na sauke kafireta, na kwance sarƙa. Ranar kasuwa ce, mutane suka kewaye ni, ni kuwa sai bayani nake (wanda ko ni ban gane shi ba) cewa fistin ne ya gaji.

Sai ga Kawu, ashe ya biyo mota ya zo cin kasuwa. Ya dubi kayan cikin babur ɗinsa baje a ƙasa, ni kuma na ji kamar in nutse. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Mi as same shi?” Na kwashe na faɗa masa. Ya kama kan babur ɗin ya girgiza shi, injin a kashe, sai ga kacau-kacau. Ya buɗe ɗan akwatin gefe, wanda ni ko kallonsa ban yi ba, ya zaro gwangwani cike da soyayyen kwaruru, wato gurjiya. Tsaraba ce surukata ta sa aka cusa mini, tunda ba ta iya miƙo mini hannu da hannu.

Kawu ya ce, “Wanga babur lafiya tai lau. Surukarka ce ke gaishe ka tun daga Bakura.”

Kasuwa ta kwashe da dariya. Shi kuwa ya naɗe hannun riga, ya zauna kusa da ni muka mayar da komai, yana tauna kwaruru yana nuna mini inda kowane noti yake zama. Har ya rasu bai taɓa goranta mini ba, kuma da zan koma Birnin Tudu shi ya sake miƙo makullin. Wallahi ban ga mai haƙurinsa ba.

Tun daga ranar, in na baro gidan surukai na ji ƙara, sai na nemi tsarabata kafin in nemi sifana.