Rasuwar Shaƙau, Mai Auna Hayaƙin Gidan Kumai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da neman gafarar manya, don ba ta taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba, Hulda Kumai ke sanar da rasuwar Shaƙau, na'urar auna hayaƙi da ta zauna a kan rufin gidansu a Kafanchan.

Marigayiyar ba ta fi gwangwanin madara girma ba. Malama Miriyam ta jami'a ce ta kawo ta, ta damƙa wa Hulda amanarta. Aikinta ta shaƙi iska, ta ƙirga ƙwayoyin hayaƙin murhu da janareta da ƙunar daji, ta aika wa masana. Su kuma su zuba lissafin cikin wata duniya da suka gina a kwamfuta, don su ga yadda hayaƙin ɗan Adam ke tare rana yana rikita ruwan shuka. Kafin zuwanta, in sun iso kan garinmu, kintace kawai suke yi. Ba ta da surutu. Daga “fiii” sai “tit-tit” in masu babbaka sun kunna taya.

Ciwon ajalinta ya same ta ne Hulda na taron matasa a Fadan Kagoma, bayan wani ruwa mai ƙarfi. Malama ta bugo waya a rikice, wai lissafi ya nuna Kafanchan ta kama da wuta. Da Hulda ta dawo, ta tarar da Shaƙau a mazauninta, baƙi ƙirin, ba numfashi, an ɗaure ta da ƙullin da ba na Hulda ba.

Mai sanarwar ba ta zargin kowa. Sai dai Kawu Ezekiyel mai gawayi ya daɗe yana cewa kunnen gwamnati ce, kuma ya yi saurin zuwa gaisuwa. Maƙwabcinsu Derrick ma bakin janaretansa rufin yake kallo. Amma janareta ba ya ƙamshin daddawa, gawar kuwa tana yi. An kuma ga gashin masara a cikin fankarta. A gidan nan mutum ɗaya ce ke rataye duk abin da ya jiƙe a saman murhu, gefen masarar iri: rediyo, takalmi, har littafin waƙoƙi. Kaka Joanna tana ta tambaya ko yarinyar, wato Shaƙau, ta ji ɗumi yanzu.

Malama ta ce in sakacin gida ne, sabuwar na'ura garin Kasuwan Magani za ta, ba gidan Kumai ba. In kuma Hulda ta yi shiru, hayaƙin girkin Kaka zai zauna a lissafin duniya da sunan iskar gari guda.

Ta rasu ta bar faifan sola, da waya mai tsawo, da ƙusa a rufi.

Za a yi sujadar ban kwana ranar Asabar a tsakar gida. Kaka ta ce ita za ta dafa wa masu makoki, a murhun nan dai. Daga nan za a kai gawar tasha cikin kwali, zuwa wurin Malama. Hulda ta yi mata wanka, amma gashin masarar ta bar shi inda yake.

Ta manna wannan sanarwa a allon ikilisiya mawaƙa na cikin waƙar ƙarshe, ta bi ta bayan mangwaro kafin zumuntar mata ta fito.