Ni da Na San Kula

Ba na jin akwai ranar da zan manta da abin da na tafka a watana na farko a wani kamfanin buhuna da ke Sharaɗa. Ko yanzu in ina tsaka da wanke-wanke abin ya faɗo mini a rai, sai in ji kamar in tura kaina cikin baho.

An ɗauke ni ne a matsayin mai sayo kayan ofis, kuma a kan gwaji nake. Manajanmu, Alhaji Bala, ya faɗa mini ƙarara ranar da na fara: in wata ya cika bai gamsu ba, kowa ya kama gabansa. Ni kuwa na gaji da zaman gida, takardun makarantata har sun fara ɗaukar ƙamshin katifa, don haka na riƙe aikin nan hannu bibbiyu. Dabarata guda ɗaya ce (a lokacin kuma gani nake hikima ce): kada in taɓa bari wani ya ji na ce "ban sani ba."

Bazara ce, irin zafin Kano da fanka ma iska mai zafi take hurawa. Sai kwamfutar da ake zana tambarin jikin buhu da ita ta fara rigima. Da an kunna ta an soma aiki sai ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe, can sai ɗif, ta mutu. Ga shi wani babban mai injin casar shinkafa daga Kura zai zo da la'asar ya ga zanen buhunsa kafin ya ba mu aikin. Mai gyaran kwamfutocinmu, Injiniya Sabi'u, an tura shi reshenmu na Bompai tun da safe, sai ya kira ni a waya.

"Malama, na duba ta jiya, zafi ne yake kashe ta. Kula za ki sayo mana yau yau ɗin nan, in na dawo bayan azahar in haɗa."

Kula! Har wani sanyi na ji a raina. A danginmu kaf, in ana maganar kula ni ake nema. Kulolin kayan ɗakin yayyena duk ni na zaɓa. Da na ƙwanƙwasa murfi na san wadda za ta riƙe zafin tuwo har dare da wadda kafin a yi sallar la'asar ta saki. Yau dai aiki ya biyo ta kan gwanayensa.

Ya ce, "Bari in turo miki hotonta da lambarta."

Na ce, "Haba Injiniya, kada ka wahalar da kanka. Kula ai na san ta kamar yunwar cikina."

"A'a! Ashe kin san harkar?"

"Tun ina sakandare nake sayenta."

"Ma sha Allah, kin hutar da ni. To ki duba girma, ta yi daidai da akwatin kwamfutar yadda murfi zai rufu. Kada ki sayo mai ruwa, in ta fara yoyo mun shiga uku. Sannan ki ce su haɗo miki da man da ake shafa mata."

Ku yi mini adalci, wace magana ce a nan ba ta dace da kular da na sani ba? Kwamfuta na jin zafi, a sa ta a kula, a jera ƙanƙara a gefe, a rufe murfi. Mai ruwa kuwa ai ita ce mai famfon nan ta zoɓo, kuma gaskiyarsa, yoyo ne halinta. Na shiga ɗakin zane na cire mayafina na auna akwatin kwamfutar, tsawo da faɗi, na ƙulla alama a bakin mayafin, na tari adaidaita sahu sai layin 'yan robobi a Sabon Gari.

Wallahi ban taɓa zaɓen kula da natsuwa irin ta ranar ba. Na ƙwanƙwasa, na shinshina, na gwada maratayi, na sa mai shagon ya sauko da wata shuɗiya ƙatuwa daga can sama. Na shimfiɗa mayafina a ciki, ya zauna daram har da rara.

Ya ce, "Hajiya, biki ne ko suna?"

Na ce, "Ta ofis ce. Ka haɗo mini da man da ake shafa mata."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Hajiya, a kasuwar nan na yi gemu, ban taɓa jin an shafa wa kula mai ba."

A nan ya kamata jikina ya ba ni. Ina! Murmushi na yi, na ce a raina: Injiniya dai namiji ne, me ya sani game da kula? (Har na ƙudurta ba zan kunyata shi a gaban mutane ba, a gefe zan gyara masa.) A hanya na tsaya na sayi ƙanƙara manya-manya, don a ga ni mai hangen nesa ce.

Na iso bakin kamfani daidai lokacin da 'yan aikin safe ke fitowa, na rana ke shiga. Mai adaidaita na sauke kular, sai na ga idanu sun yo kanmu caa. Wani dattijo cikin masu ɗinkin buhu ya matso yana washe baki.

"'Yata, wa aka yi wa haihuwa? Allah ya raya!"

Kafin in ba shi amsa magana ta zaga cewa sabuwar ma'aikaciya ta kawo shinkafa. Mutum biyu suka ɗauki kular, kowa da maratayinsa, wasu suka nufi famfo wanke hannu, sauran suka biyo mu a baya kamar 'yan rakiyar amarya. Ni kuwa ina gaba, ina taku ɗai-ɗai.

A ɗakin zane na tarar da Alhaji Bala, da Injiniya riƙe da sukudireba ya buɗe cikin kwamfutar, da wani mai babbar riga a kan kujera. Ashe baƙon Kura bai jira la'asar ba. Aka dire kular a tsakiyar ɗaki, dim.

Injiniya ya ce, "Sannu Malama. Ina kular?"

Na ce, "Ga ta. Ba mai ruwa ba ce, kuma na auna, za ta shige har murfi ya rufu." Na buɗe murfin da kaina, hayaƙin ƙanƙara ya taso. Sannan na rage murya, don in rufa masa asiri: "Mai kuma sun ce ba a shafa mata."

Injiniya ya dubi kular, ya dube ni, ya sake duban kular. Sai ya sa hannu cikin kwamfutar ya zaro wani ɗan ƙarfe mai haƙora kamar mataji, da 'yar fanka a kansa duk ta toshe da ƙura. Gaba ɗayansa bai cika tafin hannu ba.

"Malama, wannan ce kula. A kan furosesa take zama, ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana janye mata zafi."

 Sai daga taga na ji wani ya yi shela: "Jama'a a watse, ƙanƙara ce!" Baƙon Kura ya fashe da dariya har hularsa ta faɗo, yana bubbuga cinya yana cewa, "Wai a ciki za a sa ta? Da ƙanƙarar?" Alhaji Bala kuwa ko murmushi bai yi ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Na ga aikina yana tafiya ina kallo. Hawaye ya cika mini ido, na ce, "Ranku ya daɗe, ku yi haƙuri. Ban sani ba."

Allah ya taimake ni baƙon ya ce zai jira, wai ya daɗe bai yi nishaɗi irin na yau ba. Aka sayo lemo aka jera masa a cikin kulata (aƙalla dai ta yi amfani). Ni da Injiniya muka ruga shagon kayan kwamfuta, kuma ranar na yi tambaya kamar ɗan jarida. A nan na koyi cewa kowace furosesa da irin mazauninta, dole kular ta dace da shi. Mai tsayi da yawa murfin akwati ba zai rufu ba. Mai ruwa bututu gare ta, ba famfo ba. Man kuwa gaskiya ne, ɗan toka-toka, ɗigo kamar ƙwayar wake ake sawa tsakanin kula da furosesa. Muka zaɓi mai fanka babba da bututun jan ƙarfe, Injiniya ya ɗaura, kwamfuta ta tashi lafiya lau ba gurnani. Baƙon ya ga zanensa, ya ba mu aikin.

Sauran kwanakin watan a ɗarare na yi su. Ranar da gwajina ya cika Alhaji Bala ya sa aka kira ni, na shiga ofishinsa.

Ya ce, "Na kai kular nan gida. Hajiyata ta ce duk wadda ta zaɓe ta ta iya sayayya. Ni kuma na ce tambaya ce ba ta iya ba. In kin koya, ki ci gaba da aikinki."

Na koya kuwa, har na wuce gona da iri. Abin da ban sani ba bai taɓa kunyata ni kamar abin da na rantse na sani ba, shi ya sa yanzu in na ji kalma ta yi mini daɗi a kunne, a nan nake tsayawa. Makon jiya Injiniya ya leƙo ya ce in sayo masa linzami.

Na ce, "Na doki ko na kwamfuta?"

Ya yi dariya ya juya zai fita. Na ce, "Injiniya, dawo. Amsa nake jira."