Haƙorin Mainasara, Masinjan Joji

"Wai da gaske jijiyar suka zarewa, su bar haƙorin tsaye?"

"Haka Mainasara yac ce. Kuma da idonai yag gani."

"To, Allah shi tsare muna bakunanmu."

Irin hirar da za ka ji ke nan a kasuwar Boɗinga tun ranar da Mainasara, masinjan Joji Baturen mulki, ya dawo daga Kaduna. Kai, Boɗinga ta yi dace! Wasu garuruwan suna taƙama da malamai, wasu da albasa, mu kuwa Allah ya ba mu Sarkin Haƙora, mutumin da ya raka Bature wurin likita aka yi wa Baturen aikin haƙorin turmi guda.

Masu hassada suna cewa a bayan ƙofa ya tsaya, riƙe da hular kwanon Joji, bai ji komai ba sai kukan na'ura da nishi ɗaya. Amma ai nishi ɗaya ya ishi mai basira. Sauran ya cike da kansa.

Kullum bayan la'asar sai ya gyara jar ɗamararsa, ya hau benci, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku saurara, don ku san abin da ka jiran mutum. Da hwarko allura, a kashe ma rabin baki. Sannan a huda haƙorin. Sannan a zura ƙarhe a naɗo jijiyar, a cike ramin. Mu da munka sha wanga aiki, mu mun sani."

Wannan "mu" ɗin babu wanda ya taɓa tambayar ko su wa da wa ke cikinta.

Abin sha'awa, kayan aikin likitan nan girma suke yi da tafiya. A Boɗinga allurar ta kai ɗan yatsa. A Sifawa ta zama basilla. Kafin rangadin Joji ya kai Shagari ta zama mashi, ƙarti biyu ke ɗaukarta. Jijiyar da ta fara kamar saiwar albasa ta koma igiyar guga, wai ana janta mutum yana jin ɗan yatsansa na ƙafa yana motsi. Ya kan rufe da cewa aikin na mazaje ne, ragwaye kuwa su tafi gun Husaini wanzami da awartakinsa na zamanin jahiliyya. Husaini yana jin haka sai ya ci gaba da wasa askarsa.

To, baki shi ke yanka wuya. A Shagari ɗin, kuncin Sarkin Haƙora na hagu ya tashi kamar an ɓoye gauta. Aka tambaya, ya ce goro ne. Goron ya kwana, ya wuni, ya ƙi taunuwa. Da aka miƙa masa kanumfari a sallar azahar ya ture, ya ce ya wuce wurin. A gida kuwa matarsa Kulu ta ce ya cinye mata na yaji duka.

Joji ya lura. Mutum ne mai kirki ta hanyar da kirki ke kashe mutum. Ya ce ya ji labarin yadda masinjansa ke yabon aikin Turawa ƙauye-ƙauye, don haka ya cancanci tukuici: motar gwamnati za ta kai shi Gusau, jirgi ya kai shi Kaduna, a yi masa aikin a kan kujerar nan da shi kansa Joji ya zauna.

Mainasara ya faɗi ya yi godiya. An ce ya daɗe bai tashi ba.

Nan fa ilminsa ya juyo kansa. Duk inda ya bi, mutane na tuna masa darasinsa, kalma da kalma. Wani tsoho ya roƙe shi ya dawo da igiyar, rijiyarsu tana bukata. Kulu tana ɗaure masa guzuri tana tambaya ko ƙartin nan biyu ana ba su wani abu, ko kyauta suke soka mashin. Shi da ya ƙera mashin da bakinsa, yanzu yana jin tsininsa a dasashi. Ya ce mata ai wata ƙila ya ɗan ƙara gishiri. Ta ce subhanallahi, babban mutum irinsa ba ya ƙarya.

Ranar tafiya gari ya fito. Mota na ruri a gindin tsamiya, maroƙi na kirari: namijin da ba ya tsoron huji! Liman ya ɗaga hannu. Aka duba, ba a ga namijin ba.

Yana bayan rumbun Husaini, a durƙushe, jar ɗamara a ƙasa, baki a buɗe tun ba a ce ya buɗe ba. Husaini ya ɗauko awartaki, ya hure masa ƙura, ya ce ai wannan kayan ragwaye ne, bai dace da manya ba.

Mota ta yi oda.

"Husaini, ɗan uwana, don girman Allah hidda shi kahin su zagayo. In an tambaye ka kuma, ka ce da kainai yah hwaɗo."