Jini Mai Citta da Kanumfari

Hambali dai, ko ba ku san shi ba kun san irinsa. Mai gyaran waya ne a bakin kasuwa, rana ɗaya ya tashi ya ce shi Allah darakta ya yi shi. Ya aro kyamara, ya tara samarin unguwa, ya yi fim ɗin ban tsoro mai suna Fatalwar Mayanka. Labarin wani mahauci ne da aka zalunta ya mutu, ya dawo yana bin mutane da wuƙa tsirara.

Fim ya ɗan yi kasuwa, ba laifi. Abin da ya tsaya wa Hambali a wuya shi ne Malama Hansatu, mai sharhin finafinai a wani gidan rediyo duk ranar Asabar. Matar nan in ta yabi fim, gari ya ɗauka. In ta kushe shi kuwa, ko kyauta ka raba sai an dawo maka da abinka. Da ta zo kan na Hambali, numfashi kawai ta ja ta ce, "Na kalla, jama'a. Jinin da ke ciki gaba ɗaya bai kai wanda nake gani ba in wanzami ya yi wa ɗana aski."

Kai! Hambali ya ji zafin maganar nan har ƙashinsa. Ya rantse sai ya yi kashi na biyu, kuma sai jini ya kai wa mutane gwiwa.

Mai zuba kuɗin, Alhaji Barau mai taya, ya kira shi shago ya ce, "Hambali, ni ban san fim ba, taya na sani. Amma mutanen gidana ba sa kallon abin da Hansatu ta kushe. Zan yi maka na biyu. In matar nan ta buɗe bakinta ta ce ta ji tsoro, a yi na uku, har sabuwar kyamara zan saya maka. In ba ta faɗa ba, ka koma kan teburinka na waya, kowa ya huta."

"Ranka ya daɗe, Alhaji, har suma sai ta yi."

To, sai maganar jinin. A kashi na ɗaya jan fenti aka shafa wa mutane, duk suka yi ƙuraje, suka ce ko da kuɗi ba su ƙara. Jinin gaske kuma ba wanda zai kwanta a cikinsa, ga najasa ga ƙarni. Sai dabara ta faɗo wa Hambali: zoɓo! Ya garzaya gidan Iya Ladidi, wadda duk bikin unguwar ita ke dafawa.

"Iya, jarka-jarka nake so, ja wur. Amma kada ki sa komai. Ba sukari, ba citta."

Iya ta ajiye ludayi ta dube shi sama da ƙasa. "Ni Ladidi? In dafa zoɓo lami, a fita da shi ta ƙofar gidana, a ce nawa ne? Ɗan nan, tashi ka nemi wata."

"Iya, ai ba sha za a yi ba. Zubarwa za a yi."

"Ko a kwata za ka zuba, sunana ne a jiki."

Haka ta dage. Ta zuba citta, ta zuba kanumfari, ta sa ɓawon abarba, ta dinga ɗura sukari har abu ya yi kauri yana danƙo. Hambali da ya ga yadda yake bin ludayi a hankali, sai ya hau tsalle a tsakar gidan mutane. "Iya, Allah ya biya ki! Wannan shi ne jini!"

Aka fita ɗauka a tsakiyar bazara. Samarin da za su fito a gawa aka jera su a ƙasa tun hantsi, rana na dukansu, ba wanda ya karya, aka bi su ana sheƙa musu jarka. Shi kuwa Darakta idonsa na kan fatalwa, yana ta ihu, "Ɗaga wuƙar! Zaro ido!" Waye zai tsaya duba gawa? Da ya zo tacewa ma a 'yar kwamfutarsa mai fasasshen gilashi ya yi, inda kan mutum bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

Ranar da aka haska fim a silima, Hambali ya kasa zama a ciki. Ya tsaya bakin ƙofa yana kai-komo, gumi na bin wuyansa. Can sai ya ji ɗakin ya ɗauki ihu. Ya kasa kunne. Ihu ya ƙaru, har da buga kujeru. Wani ƙato ya fito a guje riƙe da ciki, hawaye shaɓe-shaɓe. Wata mata ta biyo shi tana cewa, "Wayyo Allah, zan mutu! Ku riƙe ni!"

Hambali ya rungume mai gadi ya ɗaga shi sama. "Baba, ka ji? Mutuwa za ta yi! Alhamdu lillahi!"

Da aka tashi sai ga Malama Hansatu ta fito, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta sai rawa suke, ko magana ba ta iya yi. Hambali bai jira komai ba, ya haye babur ya yi gida yana waƙa. Duk abokin da ya kira shi ya ce, "Hambali, ka kuwa ga—" sai ya katse shi, "Na sani, na sani, sai haƙuri, ku yi addu'a kafin ku kwanta."

Asabar ta zo, aka gayyace shi shirin kai tsaye. Ya ci sabuwar shadda, ya yi wanka da turare, ya kira Alhaji har ya tabbatar rediyo na kunne a shago. Ya zauna gaban makirfo yana kaɗa ƙafa, bakin nan ya ƙi rufuwa.

"Darakta, barka da zuwa," in ji Malama Hansatu. "Wancan karon na ce jini ya yi kaɗan. Wannan karon na janye. An zuba jini."

"Malama, ai ke kika ja!"

"Sai dai ina da tambaya. Gawar nan ta bakin rijiya, wadda aka sare wa hannu. Me take yi da harshenta?"

Hambali ya ɗan yi turus, amma mutumin naku ba ya rasa ta cewa. "Fitar rai ne, Malama. Haka yake. Ki tambayi likitoci."

"To. Wanda kuma ya buɗe ido ɗaya, ya dangwali jinin ƙirjinsa da yatsa, ya kai baki, ya gyaɗa kai fa?"

"Shi... shi bai gama mutuwa ba."

"Na ukun fa, wanda ya mirgino a hankali ya hau lasar wuyan maƙwabcinsa, maƙwabcin ya maƙe kafaɗa ya ture shi?"

Gumi ya fara tsattsafo wa Darakta ta ƙarƙashin hula. Sai yanzu ihun silima ya dawo masa a kunne da wata irin murya. Amma ya daki tebur. "Yawwa! Ai nan ne hikimar! Maita ce ta kama shi. Shimfiɗar kashi na uku ke nan!"

"Madalla. Bari mu ɗauki mai sauraro. Salamu alaikum, wa ke kan layi?"

Wata murya ta cika ɗakin, irin ta wanda bai yarda waya na kai magana ba sai an taya ta. "Hansatu? Ladidi ce mai zoɓo, ta bayan masallaci! Na ji ana ta yabon jinin. To ni na dafa shi! Citta da kanumfari da abarba, sukari kuwa ban yi rowa ba. Mai biki, mai suna, mai walima, ku neme ni. Hambali, ɗan nan, yaran naka har gida suka biyo ni, wai ko akwai ragowa!"

Mai kula da na'ura a bayan gilashi ya zame daga kujera, ƙafafunsa kawai ake gani. Malama Hansatu ta sake toshe baki da mayafi, kafaɗun nan suka kama rawa, irin rawar da Hambali ya gani a ƙofar silima. Ya hango teburinsa na bakin kasuwa, da 'yar lemarsa, da tsofaffin batura. Ya hango Alhaji zaune kan taya, rediyo a kunne. Kalma ɗaya yake nema, ɗaya tak.

Ya matso da kujera, ya marairaice. "Malama, don girman Allah, tsakaninki da Mahaliccinki. Duk tsawon fim ɗin nan, babu inda kika ji tsoro? Ko ɗan ƙanƙani?"

Ta share hawaye da bakin mayafi, ta daidaita murya. "Darakta, tunda ka haɗa ni da Allah, ba zan ɓoye ba. Na ji tsoro. Har yanzu ma ina ji."

Hambali ya zabura ya miƙe, hula ta faɗi, ya cafki makirfo da hannu biyu. "Alhaji! Alhaji, ka ji da kunnenka! Jama'a ku shaida! Malama, faɗa musu, faɗa musu! Fatalwar ce ko wuƙar?"

Ta ce, "Mai lasar wuyan nan ne. Yadda yake sha, tsoro nake kada ciwon suga ya kashe mana gawar."