Ranar da Na Sauke wa Mota Hanci

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka ɗaura auren ɗiyata Hadiza ba, don ni uban amarya ban shaida ba. Ina nan da raina da lafiyata, ina jin lasifikar masallaci raɗau, amma ban shaida ba. Yanzu gemu ya yi fari, gara in faɗa da bakina kafin jikoki su ji daga bakin Bala, don shi in ya ɗauko labarin sai ya zuba masa gishiri.

Bala taubashina ne, ɗan ƙanwar babanmu, kuma daga wajensa abin ya faro. Ina da wata mota 'yar Kwatano mai hankali, ba ta taɓa bari na a hanya ba. Laifinta ɗaya, in bazara ta yi zafi sai ta yi nauyi, ka taka totur kamar kana roƙonta. Wata rana muna kan hanyar Argungu, daidai Ambursa, Bala ya wuce ni da tsohuwar akwalarsa, ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, in aiko maka da jaki?"

Maganar ta tsaya mini a wuya. Washegari na kai motar garejin Sanda bakanike a Birnin Kebbi. Ya ɗaga bonet, ya saurara, ya ce, "Motag ga lahiyatta lau, Alhaji. Numfashi ne ba ta samu."

Ya nuna mini wani baƙin akwatin roba a can sama, da filta a cikinsa. Ya ce ta nan inji ke shaƙar iska, kuma masu ƙera ta don ƙasar sanyi suka yi ta. A nan kuwa iskar da ke ƙarƙashin bonet kamar ta bakin tanda take. Iska mai sanyi tana ƙasa, bayan bamba. In aka cire akwatin, aka jawo bututu zuwa can, aka ɗaura wata filta mai kama da ɗan kwando a bakinsa, motar za ta farka. Na ce a yi. (Lokacin ƙasa ta bushe ƙamas, gulbi ya janye, daga ni har Sanda babu wanda kalmar ruwa ta faɗo masa a baki. Mutanen da aka haifa a bakin gulbi ke nan.)

Da aka tayar da ita sai ta yi wani gurnani da ban taɓa ji ba. Ko gudun ya ƙaru, tsakani da Allah ban sani ba, amma kunnena ya ce ya ƙaru. Na koma duk majalisar da na zauna sai na buɗe bonet an gani. Akwatin kuwa na kai gida na jefar a bayan ɗaki. Matata Hajiya ta ɗauka, ta zuba masa ƙaiƙayi, wata kazarta ta mayar da shi wurin ƙwai.

Damina ta faɗi, aka sa ranar auren Hadiza a gidanmu na gado, wani ƙauye a bayan Gulma. A wajenmu uba ba ya ba da ɗiyarsa da bakinsa, wansa ne waliyyi. Wana Yaya Malam ke nan, dattijo mai ciwon gwiwa, mai ƙarancin magana, yana zaune kusa da ni a Birnin Kebbi. Dangin ango daga Augie za su zo, kuma dama an ɗan yi raɗe-raɗin wai Yaya bai so auren ba. Ƙarya ce, amma in aka nemi waliyyi a gaban baƙi aka rasa, ƙaryar ta zama gaskiya, kuma Hadiza ce za ta zauna da ita a gidan miji.

Ranar tafiya Bala ya ce bari ya ɗauki Yaya a motarsa. Na ce, "Waliyyin ɗiyata a akwala? Kai dai shiga gaba, kada mu take ka."

Na ɗauki Yaya a tawa, muka wuce Argungu lafiya, muka sauka daga kwalta muka shiga fadama, shinkafa kore shar dama da hagu. Sai ga wani kwari inda ruwa ya haye hanya yana gudu. Ba wani ruwan kirki ba ne, bai kai gwiwa ba. 'Yan kabu-kabu suna ɗaga ƙafa suna wucewa. Bala ya shiga a hankali, ruwa ya shafi bambarsa, ya fita, ya tsaya a wancan gefe yana jiranmu.

A nan na tuna inda hancin motata yake.

Na dubi ruwan, na dubi alamar jiƙa a bambar Bala, na auna da ido, lissafin bai yi mini daɗi ba. Daga nesa aka fara kiran farko na sallar Juma'a.

"Mi kaka jira?" in ji Yaya.

Abin da ya kamata in ce gajere ne: Yaya, motar nan ba ta shiga ruwa, bari Bala ya dawo ya ɗauke ka. Amma ga Bala can ya harɗe hannu, ya jingina da akwalarsa, yana kallona. Sai na yi wa kaina wata dabara, wai in na shiga da gudu zan fita kafin ruwan ya ankara. Na yi bisimilla na taka.

Ruwa ya taso a gabanmu kamar bango. Gurnanin nan da nake alfahari da shi ya koma tari, sai wata ƙara kamar an saki taɓarya a turmi, sai shiru. Na murɗa makulli, ba ta ce komai ba. Na sake murɗawa. (Daga baya Sanda ya ce wannan murɗawar ce ta ƙarasa injin.) Muna tsakiyar ruwa cif, ba gaba ba baya.

Waya ta yi ƙara, ƙanena ne daga masallaci. "Kuna ina? Baƙin Augie sun iso tun ɗazu. Liman ya ce da an sallame za a ɗaura, hadari na haɗuwa, mutane na son komawa."

"Ga mu nan dab," na ce, ruwa yana shigowa ta ƙasan ƙofa.

Yaya ya naɗe farar rigarsa, ya ɗora ƙafafu a kan kujera, ya cire takalmansa ya riƙe. Da gwiwar nan tasa ba zai iya taka ruwa mai gudu ba. Na tuɓe babbar rigata, wadda aka ɗinka musamman don ranar, na zagaya na durƙusa a bakin ƙofarsa. Na goya wana kamar yaro, takalmansa suna lilo a kan hulata, ina lalube da ƙafa ina addu'ar kada santsi ya kwashe mu. Da za mu faɗi a wurin nan, da ban san da wane ido zan dubi Hadiza ba.

Bala bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ya buɗe wa Yaya ƙofa ya ce mini, "Shigo mu tai." Amma motata ta tare hanya, ga motocin 'yan biki sun jeru a bayanta suna ta oda, ga ruwa yana ƙaruwa. Dole na ce su tafi. Na tsaya ina kallon waliyyin ɗiyata yana tafiya a akwala.

Wani manomi da ke dawowa da shanun huɗa ya tausaya mini. Aka ɗaura igiya, shanu biyu suka ja, ni ina ciki ina riƙe da sitiyari, daga ni sai 'yar ciki da wando jiƙe sharkaf. Hanyar shiga garinmu ɗaya ce, kuma ta ƙofar masallaci ta bi. Muna karyo kwana na ji an ce "Fatiha", na ga jama'a sun shafa. An ɗaura. Na yi hamdala a zuciya, na sunkuyar da kai ko za mu wuce ba a lura ba.

Sanƙira ne ya fara hango ni. Ya ɗaga murya yadda har na ƙarshen sahu zai ji: "Ga uban amarya ya iso. Wasu su zo da mota, wasu su zo da shanu, Alhaji ya haɗa duka biyu."

Duk taron ya juyo. Uban ango, mutumin kirki, ya tako har bakin taga ya ba ni hannu ya ce, "Sannu da hanya, Alhaji," yana ƙoƙarin kada idonsa ya sauka kan wandona. Bala kuwa, da ya ga aure ya ɗauru, sai bakinsa ya dawo. Ya ɗaga bonet da kansa, yadda na saba ɗagawa a majalisa, ya nuna wa jama'a bututun yana ɗigar ruwa.

"Taubashi, ashe injin ban-ruwa kas sa aka haɗa maka? Da rani ka ba mu aro mu kai ga albasa."

Yaya bai yi maganar ba sai da muka zauna cin abinci. Ya dube ni ya ce, "Allah da ya halicce ka, ina ya sa maka hanci?"

"Sama, Yaya."

"To," in ji shi, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Motar ta daɗe a gareji. Da aka gama gyaran injin, Sanda ya ce in kawo akwatin nan a mayar. Na je bayan ɗaki na iske kaza ta kwanta a kan ƙwai a cikinsa, ta buɗe fukafukai tana harara ta. Hajiya ta ce babu mai taɓa ta sai ta ƙyanƙyashe. Haka na ci gaba da hawa kabu-kabu da girmana, ina jiran kaza ta sallame ni.

Tun daga nan, in na iske abu a inda masu shi suka ajiye shi, ba na cire shi sai na tambayi dalilin ajiyewar. In kuma ban sami mai gaya mini ba, ina bari damina ta zo ta wuce tukuna.