Rasuwar Matashin Kaina, Ɗan Asalin Auduga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuya mai cike da ciwo, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar matashin kaina, wanda ya cika ranar Talata da hantsi yana da shekara ashirin da uku.

Marigayin auduga ne zalla, gaba da baya. Kowa a ofishinmu ya san wuyana ba ya ƙarya: ko cikin barci yana bambance auduga da soso. Na sha faɗin haka, ba a taɓa musa mini ba.

Mai haƙuri ne. Ya sha zufa da yawu da minshari, bai taɓa kai ƙara ba. Maganarsa ɗaya ce tak, "fuf", idan na sauke masa kai. Ga kyauta: kowace safiya sai ya bar mini ɓurɓushin auduga a gemu, har ƙananan ma'aikata suka fara ce mini Baba tun ban yi furfura ba.

A shekarun baya-bayan nan jikinsa ya yi ƙulli-ƙulli, "fuf" ta koma "dim". Ranar Talata na garzaya da shi wurin mai ɗinkin katifa, a buga audugar ta tashi. Ya farke ɗinkin, ya leƙa, ya daɗe yana leƙen.

"Yallaɓai, wace audugar za a buga?"

Ya zazzage shi a tabarma. Safa goma sha ɗaya, singileti biyu, da hannun wata riga. Audugar da ta rage ba ta isa toshe kunne ɗaya ba.

A gida, uwar yara ta ba da tarihin jinyar ba tare da ta ɗago daga tukunya ba. "Gwiwoyin 'ya'yanka huɗu, da me kake tsammani aka goge su in sun faɗi? Lagwanin fitila fa? Kunnen Auta fa? Ina ɗiba ina mayar da madadi, kai kana ta minsharinka."

Marigayin ya bar riga ɗaya mai fure, da wuya ɗaya da ya rasa abin cewa, da kuma safar nan goma sha ɗaya, waɗanda saboda ɓatansu na sallami mai wankinmu bara, a bakin ƙofa, gaban maƙwabta, da dogon jawabi kan riƙon amana.

Na aika masa gayyatar jana'iza tare da safar a leda, domin bakina ya kasa ba shi haƙuri. Jiya da yamma ya dawo da su a wanke, a goge, an haɗa su bibbiyu. Bai ambaci bara ba. Ta goma sha ɗayar ya ɗora ta a sama ita kaɗai.

"Yallaɓai, 'yar'uwar wannan sai a duba katifa."

Za a yi jana'iza ranar Asabar a bayan gida, kusa da kwandon shara. Mai wanki ne zai tsaya a gaba. An yafe wa 'yan ofis zuwa. Katifa kuwa, iyalai sun roƙi kada a taɓa ta.