Murfi Dubu Arba'in, Bokiti Babu

Yau da hantsi wani akwatin katako ya sauka a kan babban yatsan ƙafata, kuma har yanzu da nake rubutun nan yatsan bai yafe mini ba. Mu takwas muka sauke shi daga mota a bakin masana'antar robar da nake aiki, bakwai suka saki, ni na riƙe da ƙafa. Sabon inji ne. Amma kafin in gaya muku na mene ne, bari in faɗa muku yadda aka yi ya zo.

Ni ɗan dako ne a sito. Daga aji uku na ajiye jaka, na yi wankin mota, na yi gadin shago, ko'ina wata biyu ya ishe ni. A nan ne kawai na shekara. Aikina ɗauko buhunan ƙwayar roba in kai wa masu inji, in kwashe abin da suka buga in jera. Abin da muke yi bokiti ne da murfinsa, sai ɗan kofi a gefe. Ko wanda bai shiga aji ɗaya ba ya san bokiti ɗaya murfi ɗaya ne.

To, bara Allah ya kawo mana ci gaba. Aka buɗe Ofishin Tsari a saman bene, aka sa masa labule da na'urar sanyi, aka zaunar da wani bawan Allah da muke kira Mai Girma Sarkin Tsari. Mutum ne mai ilimi ƙwarai. Shaidar iliminsa ita ce bai taɓa saukowa ɗakin inji ba, wai ƙarar tana hana shi tunani. Ranar da man janareto ya yi ƙasa, mu ake kashe wa, a bar wa tunanin nasa sanyi.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Ya sa aka kafa allo a bango. Duk injin da ya fi buga kaya da yawa a wata, shi za a ƙara wa roba wata mai zuwa. Wanda ya zo ƙasa a rage masa. Wanda ya zo ƙasa wata shida a jere, mai injin ya koma gida ya huta. Aka tara mu aka karanta mana, muka tafa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Abin da babban bai hango ba shi ne, injin murfi, guda shida yake fitarwa a bugu ɗaya, injin bokiti kuwa ɗaya tal, shi ma sai ya yi nishi.

Mai injin murfi Gajere ne, mutumin da ba ya gaishe ka sai ya duba allo. Mai injin bokiti kuwa Kawu muke ce masa. Shekararsa goma sha tara a kan injin, da jin ƙararsa yake sanin inda ke masa ciwo, ga iyali tara a gida. Wata na farko Gajere ya zo na ɗaya, aka ɗebe buhu goma daga na Kawu aka ba shi. Wata na biyu ya ƙara zarcewa, aka ƙara ɗebewa. Zuwa wata na biyar, buhu huɗu nake kai wa Kawu a mako, kafin azahar ta Talata ya gama, sai ya zauna yana goge injin kamar mai wanke gawa.

Sito kuwa ya cika da murfi har rufi. Ja, shuɗi, kore, sai wanda ka zaɓa. Mun jera a baranda, mun jera a bayan gida. Mai gadi ma a kan murafe yake zama.

Akwai wata maƙwabciyarmu mai sayar da kayan roba a bakin titi. Kullum in na dawo sai ta tare ni.

"Kai ɗan nan, ina bokitin da na ce ka kama mini layi?"

"Inna, babu bokiti, amma akwai murfi."

"In rufe uban me da shi?"

"Ki ajiye, Inna. Tsari ne. Bokitin yana nan tafe."

"Allah ya kai mu. Ka ce wa mai tsarin naku ya yi wanka da murfi gobe, in ya ji daɗi ya aiko mini dozin."

Ba mu yi shiru ba, kada ku ce. Kawu ya sa rigarsa mai kyau ya hau bene. Ya yi awa biyu a kan benci, sannan aka shigar da shi.

"Ranka ya daɗe, murfi ya yi yawa, bokiti babu."

Sarkin Tsari bai ɗago daga kwamfuta ba. "Dattijo, ni da alƙaluma nake aiki. Alƙaluma sun ce masana'anta ba ta taɓa buga kaya kamar bana ba. Kai ne ke ja mana baya. Saura maka wata ɗaya."

"Ranka ya daɗe, da za ka sauko ka leƙa sito."

"In leƙa sito? To me ya sa ake aiko mini rahoto?"

Kawu ya sauko, ya zauna a kan buhu, ya cire hula yana juya ta a hannu. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya ce, "Shekara goma sha tara, ka ga murfi zai kore ni."

Ni dai zama ba ya mini, sai na tashi ina zagaye. A lungun ɗakin akwai injin niƙa, inda muke zuba duk abin da ya fito a karkace, ya niƙe shi ya koma ƙwaya a sake bugawa. Na dubi injin, na dubi tsaunin murafe.

"Kawu, murfi da me ake yin sa?"

"Da roba mana, kai ma da tambayar banza."

"Bokiti fa?"

Ya daina juya hular. Ya dube ni ya ce, "Ashe da gaske aji ukun ka yi. Ɗauko baro."

Ba a ɓoye muka yi ba, da rana tsaka muka yi, don wanda zai hana ba ya saukowa. In loda murfi a baro, in juye a injin niƙa, in kai wa Kawu. Gajere ya taso yana kumfar baki, wai muna niƙe masa suna. Kawu ya ce, "Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. An riga an rubuta maka su a allo. Mu gawar kawai muke ɗauka." Gajere ya duba allo, ya ga lambarsa tana nan, ya koma bakin aiki.

Mako uku injin Kawu bai huta ba. Bokiti ya fita, motoci suka dawo bakin ƙofa, Inna ta samu dozin biyar har ta sa mini albarka. Ƙarshen wata allo ya nuna Kawu ya ninka na baya sau takwas. Bai zo na ɗaya ba, amma ya tsallake injin kofi, wanda dama ba mai tsaya masa, takardar sallama ta koma aljihun tebur.

Sai ga taro. Aka shimfiɗa jan kafet, shugaban masana'anta, wanda muke kira Babban Mai Sa Hannu, da kansa ya zo, aka ba Sarkin Tsari lambar yabo, saboda a ƙarƙashin tsarinsa an buga bokiti dubbai da buhu goma sha shida kacal. Ya yi jawabi a kan tattali. Muka tafa, ni har tafin hannuna ya yi ja. A bar kaza cikin gashinta.

Saura abu ɗaya. Rahoton sito ya hau bene yana cewa murfi dubu arba'in sun ragu zuwa dubu uku. Aka kafa kwamiti ya binciko dalili. Sun zauna sau huɗu, duk a sama. Suka gano cewa kasuwa ce ta buɗe, jama'a suna rububin murfi, kuma in ba a yi da gaske ba za a shiga ƙarancinsa.

Akwatin da ya sauka a kan yatsana ke nan. Injin murfi ne na biyu, mai fitar da goma sha biyu a bugu ɗaya.

Na ɗingisa na je na gaya wa Kawu, ina jiran ya dafe kai. Sai ya shafa injinsa ya ce, "Alhamdu lillahi, an ƙara mana roba. Ka ce su sayo maka baro mai ƙafa biyu."

Na rubuta takardar neman baron, na aika sama. An ce sai an duba ko yana cikin tsari.